Mama, Ruwa Ya Fito a Shabu

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa a wurin da babu ciwon gwiwa, babu hawan jini. Mu nan Shabu muna lafiya, jikokinki suna girma, maigidana Yohanna kuma yana nan yadda kika san shi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma tun jiya bakina ya ƙi rufuwa, kuma duk wanda na ba labarin nan sai in ji ba shi ya kamata ya fara ji ba. Ke ce.

Mama, ruwa ya fito! A bakin cocinmu, jiya Juma'a da hantsi, a kan idona. Amma bari in faro miki daga tushe, domin akwai wani ɓangare da ba zan ji daɗin faɗa ba, kin kuwa san ban iya ɓoye miki abu ba.

Kin tuna lokacin da kuka fara sujada a gindin mangwaro, ku 'yan mata da zawarawa da tsoho ɗaya, a kan benci biyu. A shekaru ukun nan da kika tafi an gama rufi, an sa tagogi, saura ƙofar shiga. Aka naɗa ni shugabar kwamitin gini. Ni na riga na gama ganin ƙofar a raina: babban get na ƙarfe, ginshiƙai biyu da tayil, a jikin na dama an rubuta sunanki. Na gaya wa kowa don girmama ki ne. Gaskiyar magana, so nake duk mai wucewa a kan mashin ya san 'yar wace ce ni.

Sai aka turo mana sabon fasto, Fasto Danjuma, wanda na girme shi nesa ba kusa ba. Ya yi wata biyu yana zaga unguwa da ƙafa yana gaishe da mutane. Ranar taron dattawa ya ce ya ga yadda mata suke tafiya rafi, ya ga yaran da ciwon ciki ya kwantar. Ya roƙa a ajiye maganar get, a haƙa rijiyar burtsatse da gudummawar da aka tara, a sa famfon a bayan katanga yana kallon hanya, kowa ya ɗiba. Ya ce Ubangiji bai dasa mu a nan don mu burge masu wucewa ba, ya dasa mu ne mu yi musu hidima.

Mama, na miƙe tsaye. Na ce masa jiya-jiya ya zo, bai san wahalar da aka sha kafin a ɗora bulo ɗaya ba. Na ce in ma dole sai an haƙa, to a cikin katanga, da kwaɗo, makulli a hannun kwamiti. Na ɗaga murya har masu share fili suka leƙo. Da kina nan da kin ja bakin zanena yadda kika saba, kin ce, "Rifkatu, sauke murya, Allah ba kurma ba ne." Ba kya nan, babu wanda ya ja. Dattawa suka goyi bayan fasto, ni kuma na ɗauki jakata na fita.

Lahadi shida ban taka cocin ba. Ina hawa keke napep zuwa wata babbar majami'a a cikin garin Lafiya, in zauna can baya inda ba wanda ya san ni. Ga waƙa mai daɗi, ga fanka, amma sai in dawo gida kamar wadda ta wuni ba ta ci komai ba. Matan zumunta sun zo gida sau biyu, na sa aka ce ba na nan. Yohanna ya yi magana sau ɗaya, na ba shi amsar da ta sa bai ƙara ba. Abin da ya fi muni, mata biyar suka bi bayana suka daina zuwa, har aka fara raɗe-raɗin cocin zai rabu biyu. Cocin da kika share da hannunki, Mama.

Ranar Lahadi ta shida ina dawowa, na sauka a bakin titi, sai ga Hajiya Asabe, mai atamfa da ke kusa da rumfarki ta doya a kasuwa. Ta tsufa sosai. Tana zaune a kan jarka a gefen hanya tana haki, daga rafi take, ƙafa ta ƙi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yar Saratu, kin san uwarki ta shayar da ni wata huɗu da kwana goma?"

Ta ce shekarar da mijinta ya rasu, tana takaba ba ta fita, yaranta kuma ƙanana, kullum da sassafe sai ki shigo da baho a kai, ki cika mata randa kafin ki wuce kasuwa. In ta fara godiya sai ki ce, "Ba ni na yi ruwan ba, Asabe, ɗaukowa kawai na yi."

Na tuna lokacin sarai. Ina aji huɗu a firamare, ina kumbura baki saboda kina zuwa rafi sau biyu, koko yana hucewa, muna makara. Ban taɓa tambayar inda baho na biyu yake zuwa ba, ke ma ba ki taɓa faɗa ba har kika koma ga Ubangiji.

Na cire takalmina mai tsini na riƙe a hannu, na ɗora jarkar a ka da leshina na coci, na raka ta har gida. Ruwa yana bin wuyana, hawaye suna bin fuskata, masu mashin suna juyowa suna kallo. Ban damu ba.

Washegari na sami Fasto Danjuma yana wanke babur ɗinsa a bakin gida. Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Ya yar da tsumman ya ce, "Mama Rifkatu, don Allah ki tashi. Dama muna neman wadda za ta dafa wa masu haƙa abinci, kowa kuma ya ce babu mai hannunki." Shi ke nan. Bai tuna mini ko kalma ɗaya daga cikin abin da na faɗa masa ba. Shekara ashirin ina rera waƙar alheri a cikin mawaƙa, amma sai a ranar na san ɗanɗanonsa: ka zo da laifinka kana jiran faɗa, a miƙa maka aiki a cikin gida.

Lahadin da ta biyo na tsaya a gaban jama'a na nemi gafara. Na bi matan nan biyar gida-gida. Huɗu sun dawo. Maman Godiya har yanzu tana fushi, ta ce ni na sa ta fita, yanzu kuma na bar ta a waje. Tana da gaskiya. Ina ci gaba da zuwa.

Motar haƙa ta iso ranar Laraba. Kwana biyu injin yana ruri, babu abin da ke fitowa sai garin dutse. Mai injin ya ce in Juma'a ta wuce ba a samu ba, za su kwashe kaya. Ina gindin murhu ina tuƙa tuwo. Na rasa kalmar addu'a da Hausa, sai na ji bakina yana maimaita wadda kike yi mana da yarenmu na Eggon in za mu tafi makaranta.

Jiya da hantsi ƙarar injin ta canja. Laka ta fara tsartuwa, ja, mai kauri. Sai kawai ruwa ya yi tsalle sama ya wuce katanga! Mama, na yar da muciya a cikin toka na ruga. Matan zumunta suka ɗauko tulunan kiɗa da caki, muka shiga rawa a cikin taɓo, zannuwa sun jiƙe, ba mai kula. Fasto yana tsaye ruwa yana zuba a kansa, hannuwa a sama. Wasu ɗaliban jami'a da ke wucewa suka tsaya suna ɗauka da waya. Can da rana, masu dawowa daga masallacin Juma'a suka taru suna ta barka, har wani mai walda, Malam Sani, ya ce shi zai haɗa ƙafar tankin ruwa, kada wanda ya yi masa maganar lada. Aka ɗauko Hajiya Asabe a kan mashin. Ruwan bai gama washewa ba, amma ta sa hannu ta shafa a fuska, ta kira sunanki ta yi miki addu'a a gaban kowa.

Ban taɓa ganin cocinmu ya cika irin na jiya ba, kuma duk a waje muke.

Sai dai kin san 'yarki. Yau da safe na kama kaina ina gaya wa wata a kasuwa cewa ni na ciyar da masu haƙa kwana uku, har da irin miyar da na yi. Na yi dariya, na ji kunya. Ashe da sauran aiki a kaina.

Ya Ubangiji, na gode da ka ba ni uwa irin wannan. Ka riƙe ta a cikin salamarka. Ka sa rijiyar nan kada ta ƙafe, ka sa kowa ya sha lafiya, wanda ya san sunanka da wanda bai sani ba. Ka tausasa zuciyar Maman Godiya. Ni kuma ka koya mini in yi alheri in rufe bakina, ko da sau ɗaya ne kafin in zo. Amin.

Ki huta lafiya, Mama, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Taki har kullum,
'yarki Rifkatu