Ba Kunya Ba Ce, Likita

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa na asibitin da ya sallame ni sau biyu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya.

Ni mai ɗinkin hula ce a Ƙofar Dumi. Tun ƙuruciya ba na iya kallon idon mutum, hayaniya kuwa ji nake kamar ana daka a cikin kaina. In ta yi yawa sai bakina ya ɗaure, in toshe kunnuwa in yi ta jijjiga. A rediyo na ji wata likita tana bayanin wata lalurar ƙwaƙwalwa da ake kira galahanga, na ce wallahi ni ce. Ta ce mai wannan hali ya tashi ya nema wa kansa taimako. Na tashi, ga abin da na tarar.

Na ɗaya, sai na yi awa uku a layi ana ƙwala kiran sunaye. Kafin a zo kaina maganata ta ɗauke.

Na biyu, na rubuto bayanina a takarda, likitanku ya ture ta, wai babba da bakinta ba ta zuwa da wasiƙa. Da ya ga na sunkuyar da kai sai ya yi murmushi, ya yaba tarbiyyata, ya ce kunya ce irin ta 'ya'yan mutunci. Shekara talatin ana yabona a kan abin da yake cutar da ni. Na gaji.

Na uku shi ne ya sa na fito fili. Innata ce take kare ni, ta rasu bayan ƙaramar Sallah. Yanzu yayana ya ce iska ce, tunda asibiti ma bai ga komai ba. Ya gama magana da wani gidan masu maganin iska a bayan Miri. Na taɓa raka Inna dubiya can, na ga ƙarfen ɗaure mutane da aka kafa a tsakar ɗaki. Ina jin tsoro. Ranar Juma'a bayan masallaci za a kai ni.

Iyakar abin da zan iya yi wa kaina ke nan. Ina roƙon ƙwararre ya duba ni a ɗaki marar hayaniya, ya karanta takardata, sannan ya kira yayana ya yi masa bayani, don maganar likita yake ji, ba tawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da aikinka lafiya. In amsarka za ta wuce Juma'a, kada ka wahalar da kanka, a can ba a barin mutum da takarda.

Wassalam.

Hadiza mai hula,
Ƙofar Dumi, Bauchi.