Baba Yana Neman Ƙarar Ruwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya iyali? Mu nan Kado sai godiya.

Bidiyon yawonku a jirgin ruwa da faɗuwar rana a Iskandariyya ya iso. Na miƙa wa Baba, sai ya riƙe wayar a juye. Yaya, idon ya tafi gaba ɗaya. Ya kara wayar a kunnensa, ya ce, "Binta, kiɗa nake ji. Ina ruwan yake?" Mutumin da ya tsufa yana tuƙa kwalekwale a Yauri!

Ka gaida Anti, ku sa mu a addu'a. Don Allah ka koma ka ɗauko masa ƙarar ruwan zalla. Kada ka jira hutu, abinci ma ya daina ci.

Ƙanwarka,
Binta