Kyamarar da Ta Haɗiye Fuskar Yayana

Zuwa ga Alhaji Sabitu, mai shagon kyamarori da kayan lantarki a lungun Al Buteen, Deira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, kai da iyalinka da ma'aikatanka, har da ƙartin nan biyu da suka murɗe mini hannu. Na yi gaisuwar ne don addini ya ce a yi. Abin da ke bayanta ba mai daɗi ba ne.

Sunana Nomau, Bagobiri daga ƙasar Sabon Birni. Ni ne tsohon da ya fasa maka gilashin kanta da sanda, don haka ba sai na kwatanta maka kaina ba. Ban yi boko ba. Issifu, mutumin Kumasi mai gadin benen da muke zaune a Abu Hail, shi ke rubuta abin da nake faɗa. Na sa ya riƙa karanta mini, duk inda ya sassauta wata kalma don kunya na sa ya mayar da ita yadda ta fito daga bakina. Za a manna wannan takarda a gidan abincin da 'yan kasuwarmu ke cin tuwo, a kuma ba masu kargo, domin abin da ka yi mini ba a ɓoye ka yi shi ba.

Ga abin da ya kawo ni shagonka. Yayana Bawa ya kwanta ciwo, ɗansa Habibu da ke aikin injiniya a garin nan ya kawo shi asibiti, ni kuma na biyo don jinya. Da likitoci suka ce a mayar da shi gida ya huta, duk mun gane abin da suke nufi. Habibu yana da 'ya'ya uku, nan aka haife su. Larabci suke ji da Turanci, Hausarsu ba ta wuce "sannu Kaka" ba, fuskokinsu sumul. Ban ce a tsaga su ba, na san wannan zamanin ya wuce. Amma ina so su ga tsagar gidansu, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, a fuskar kakansu, su kuma ji daga bakinsa abin da ta taɓa yi mana.

Tun da ba ka tambaya ba a ranar, bari in gaya maka yanzu. A zamanin kakanninmu mahara suka faɗa wa ƙauyenmu. Suka yanka maza a bakin rijiya har ruwan ya ƙi shayuwa, suka zarga wa yara igiya a wuya suka yi arewa da su. Cikin yaran akwai Arzika, ƙanen kakarmu. Ya dawo da furfura, kunne ɗaya a yanke, bayansa duk shatar bulala, Hausa ta gudu daga bakinsa. Samarin gari suka ɗauka ɓarawo ne, suka rufe shi da duka har jini ya rufe masa ido. Kakarmu, makauniya a lokacin, ta ratsa cikin sandunan ta kama kansa, ta bi kuncinsa da yatsa tana ƙirgawa. Ta gane hannun wanzamin gidanmu, ta kira sunansa. Yaya Bawa yana tsaye a wurin yana ɗan yaro, da idonsa ya gani. Ni ji kawai na yi. Shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ya ga wannan rana, kuma shi na so a ɗauka a bidiyo.

Habibu ya ce in dakata ya bincika kyamarar da ta dace. Na ƙi, don numfashin mahaifinsa ba ya jiran bincike. Na ce gara in saya a hannun Bahaushe ɗan'uwana, wanda in ya cuce ni zan iya zaginsa da harshen da zai ji. Ga shi kuwa ranar ta zo.

Abu uku na gaya maka a gaban ma'aikatanka: wanda za a ɗauka baƙi ne wuluk kamar ni, yana kwance a ɗakin da ba a ɗaga labule don haske na sukar idonsa, kuma muryarsa ta dushe. Ka ce, "Yalla Baba, ga uwarsu duka, ko kiyashi ta gani sai ta nuna maka ƙafarsa." Yanzu ga ƙafar kiyashin.

Na ɗaya. Ka nuna mini lamba a jikin kwali mai sifiri uku, ka ce zum ke nan, wato jawo abu daga nesa. Ka fitar da ni bakin ruwa da tsakar rana, ka jawo mini wani ƙaramin jirgin fito da ake kira abra daga wancan tsallaken har na ga mai tuƙin yana sosa gemu. Na yi mamaki, ban musa ba. Amma Alhaji, jirgi na ce maka zan ɗauka? Gadon yayana da ƙofar ɗaki taku uku ne. Daga baya Malam Auwalu, ɗan Kano mai ɗaukar bidiyon biki da suna, ya bayyana mini cewa zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, shi ne na gaskiya, ana rubuta lambarsa ƙanana a gefe. Akwai kuma wanda kyamara ke jan hoto kamar ana jan roba har ya yage, shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe don irina. Ka san haka lokacin da kake ɗora yatsanka a kan sifiran.

Na biyu, kuma shi ne wuƙar da ka soka mini. Da na ce a gwada a fuskar mutum, sai ka juya kyamarar kan ma'aikacinka, farin mutum sol, yana tsaye ƙarƙashin fitilun shagonka da suka fi rana haske. Ya yi murmushi, haƙoransa suka fito, ka ce in duba kyau. Ni ina tsaye a gabanka da fuskata, irin fuskar da za a ɗauka sak, tsaga da tsaga, ba ka juyo da ita kaina ba. Malam Auwalu ya ce ƙwayar idon wannan kyamara ƙarama ce, ba ta shan haske, kuma in ta ga farar riga da farin matashi sai ta runtse don su, ta bar baƙar fuska a duhu. Ya ce duk mai sayar da kyamara ya san wannan tun makonsa na farko. Kai shekara nawa ka yi kana sayarwa? Kuma wace irin fuska kake gani a madubi in ka tashi da safe?

Na uku. Na tambaye ka murya, ka ce tana jin raɗa. Tana ji kam, raɗar na'urar sanyaya ɗaki take ji. Babu ma ramin da za a cusa makirfo a kai shi kusa da bakin mara lafiya. Ba ka gaya mini ana yin irin wannan ramin ba, balle in nema.

Na huɗu. Ɗan allon da ke jikinta bai fi kwalin ashana ba, kuma a cikinsa komai kyau yake yi. Ga talabijin manya-manya jere a bangon shagonka, waya ɗaya za ka jona in ga gaskiya, ba ka jona ba. Muka je gida, Habibu ya kafa ta a gefen gado. Yaya Bawa ya sa aka saka masa farar rigarsa ta Juma'a da hula, aka jingina shi. Ya yi magana tun bayan azahar har aka kira la'asar, yana tsayawa yana tari, ana goge masa jini a baki yana ci gaba. Ya ɗora yatsa a kuncinsa ya ƙirga wa jikokinsa tsagar ɗaya bayan ɗaya yadda kakarmu ta yi. Ya jero sunayen iyaye da kakanni. Da ya gama ya ce da ni, "Nomau, na sauke." Muka leƙa ɗan allon muka ga mutum zaune da hula, muka ce alhamdu lillahi, muka adana katin da bidiyon ke ciki. Bai sake doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar bakwai, bayan baƙi sun ragu, Habibu ya tara iyali da 'yan garinmu da ke nan, ya zaunar da yaran a gaba, ya jona kyamarar a talabijin. Alhaji, abin da muka gani farar riga ce da hula, tsakaninsu baƙin rami kamar gindin tukunya, wasu ɗigo-ɗigo suna yawo a ciki. Hannu yana tashi ya shiga ramin ya ɓace. Murya kuwa sai gurnanin na'ura, can ƙasa wani abu na motsi kamar mutum a cikin rijiya. Ƙaramar jikar ta juyo ta tambayi ubanta da Larabci ina kan Kaka ya tafi, ta fashe da kuka. Habibu, babban mutum mai gemu, ya tashi ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa. Na taɓa ganin gawar da kura ta ci fuskarta a dajin garinmu, ban ji abin da na ji a ranar ba. Malam Auwalu ya kai katin kan kwamfuta ya ƙara masa haske iyakar ƙarfinsa. Ya samo kunne ɗaya da gefen hula. Cikin duk maganar da Bawa ya yi ya tsamo "rijiya", ya tsamo "igiya", sai tari.

Na biyar. Na dawo shagonka da kyamarar a hannu. Ban ɗaga murya ba da farko, ma'aikatanka shaida ne. Ka ce an buɗe kwali, khalas, magana ta ƙare. Na ce ba kwali na zo yi wa kuka ba. Sai ka yi dariya ka ce, "Baba, ai baƙar fuska haka take fitowa, da kun ƙara fitila." A nan ne sandata ta sauka. Ka gode wa Allah da ya sa gilashi tsakanina da kai, don wallahi ba kanta na nufa ba, bakin da ya faɗi wannan magana na nufa, kuma da ta same shi da yau da romo kake rayuwa. Ƙartinka suka murɗe mini hannu ta baya har kafaɗata ta yi ƙara, suka ja ni a kan fasassun gilasai, suka wurga ni titi, hulata ta faɗa ƙarƙashin amalanken masu dako. Har yau ba na iya ɗaga hannun nan in yi kabbara daidai. Habibu ya bi bayana ya biya ka gilashin don kada 'yan sanda su shigo, an kuma sa maka sabo kafin magariba. Ni wa zai sa mini sabon Bawa? Habibu ya roƙe ni in ba ka haƙuri. Ban bayar ba, ba kuma zan bayar ba.

Ba kuɗina nake nema ba, riƙe su. Ga abin da nake nema.

Bizata za ta ƙare bayan Babbar Salla, zan koma gida, kuma a shekaruna ba na sa ran sake ganin yaran nan. Wanzamin da ya tsaga Yaya Bawa shi ya tsaga ni, da aska ɗaya. Sunayen suna kaina, labarin Arzika ma yana kaina, ko da yake na ji ne ban gani ba. Fuskar nan tawa ita ce ta ƙarshe a gidanmu. In ta shiga ƙasa ba a ɗauka ba, an gama.

Saboda haka ranar Juma'a mai zuwa, bayan la'asar in kun buɗe, zan zo da farar riga da Malam Auwalu. Za ka shigar da ni sitonka na baya, ka kashe fitila ka bar ƙofa a ɗan buɗe, kamar ɗakin mara lafiya. Za ka ɗauko kyamarorinka ɗaya bayan ɗaya, ka jona kowace a babbar talabijin, ka juyo da ita kaina. Zan yi magana ƙasa-ƙasa, na'urar sanyi tana aiki. Wadda aka ji ni a cikinta, kuma kai da bakinka ka ƙirga shida ka ƙirga bakwai a jikin talabijin, ita zan ɗauka in ajiye maka taka. In akwai ciko Habibu zai cika. In duk shagonka babu mai iya ganin baƙin mutum, ka faɗa a gaban jama'a, in tafi wani wuri.

Sannan duk ɗan'uwanmu da ya shigo sayen kyamara, ka gwada ta a fuskarsa, ba a jirgin ruwa ba. Ku kuma masu karanta wannan takarda a bakin tuwo, kada lambar kwali ta ruɗe ku. Ku ce a rage fitila, a juyo da ita kanku, a jona a talabijin, ku yi magana a hankali ku saurara, ku nemi ramin makirfo. In mai shago ya ƙi, ku fita.

In ka ƙi, Alhaji, ba zan kai ka ƙara ko'ina ba. Zan shimfiɗa buzuna a ƙofar shagonka kullum har ranar tafiyata, duk wanda ya doso in nuna masa kuncina in gaya masa abin da ka sayar mini. Ƙartinka su zo su murɗe ɗaya hannun, da baki zan yi maganar. Sandar ma tana nan, ba don na yi niyyar wani abu ba, sai don ba na iya tafiya sai da ita, amma ka gaya wa bakinka ya kiyaye.

Ina roƙon Allah ya shirye ka, ya tsarkake kasuwarka, ya ba ka tsawon rai har ka ga jikokinka. In ranarka ta zo kana da abin da za ka bar musu, Allah ya sa wanda zai ɗauke ka bai sayi kyamararsa a hannun irinka ba. Allah ya jiƙan Bawa, ya haskaka fuskarsa a inda ba a bukatar fitilarka.

Sai Juma'a. Ka share siton.

Wassalam.

Nomau Bagobiri, ƙanen marigayi Bawa,
Abu Hail, Dubai.