Tabon Rana ya Koma Idona

Malam Mai Shawara, don Allah ka agaje ni, mutanen gidana sun haɗe mini kai.

Ni mai awon ruwa ne a bakin kogin Haɗeja. Damina biyu da suka wuce wani Baturen safiyo, mai awon ƙasa, ya bar mini tabarau mai hangen nesa, da allurar maganaɗisu rataye da zare cikin kwalba. Ya ce ita ma rana tana da maganaɗisu, kuma baƙaƙen tabon da ke fuskarta nan ƙarfin yake taruwa, in sun yi yawa allurar takan yi rawa. Na ce gani ya kori ji. Tun daga nan kullum da hantsi nakan duba rana a ƙwaryar ruwa, yadda muke yi ranar husufi, ko ta gilashin da na turara da hayaƙin fitila, in ƙirga manyan tabo, in rubuta su da motsin allura a littafi. Sau uku abin ya zo daidai.

To yanzu wani tabo ya zauna a idona na hagu, ko na runtse yana nan. Matata Sakinatu ta ɓoye gilashin, ta hana ni ƙwaryarta. Kawu Fannami kuma ya ce mai tonon asirin rana ya tanadi sanda. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba, amma littafina ya kai rabi, ba zan bari ba.

Mai Awon Ruwa, Haɗeja

Malam Mai Awo, naci irin naka abin yabo ne, ban kuma ce ka bari ba. Neman sanin halittar Allah ba tonon asiri ba ne, a nan Kawu ya yi kuskure. Amma Sakinatu ta fi ka gaskiya. Ruwan ƙwarya da hayaƙin fitila ba sa kare ido, lallashinsa suke yi ya daɗe yana kallo har ya ƙone.

Ka je asibiti a makon nan. Allura kuwa ci gaba da dubanta, ba ta cizo. Tabarau ɗin nan, kada ka kuskura ka leƙa rana ta cikinsa. Kafa shi ya fuskance ta, ka juya mata baya, ka tara farar takarda: hotonta zai faɗo a kai, tabo da tabo, ka ƙirga a natse. Ka roƙi Sakinatu ta riƙe maka takardar.

Rana tana nan gobe da jibi. Lafiyayyen ido kuwa guda ya rage maka, kuma da shi za ka karanta littafin in ya cika. Allah ya ba ka lafiya, ya nuna mana shafin ƙarshe.