Tsutsa a Kwalbar Yaya

Zuwa ga Autanmu, Daktan ƙwari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Kullum ina alfahari da kai a kasuwa. Ƙannen wasu sun zama likitoci, suna duba mutane kawai. Nawa shekara bakwai ya yi yana leƙa ƙafar sauro a madubi. Wa ya kai mu? To yau dai ranar amfaninka ta zo.

Barguna da rigunan sanyin da nake sayarwa duk sun zama rariya. Dila guda na buɗe, rabi huji ne. Na kuma san mai laifi: tsohon nan mai itace da ke jikin rumfata. Duk sanda aka sauke masa kaya daga daji, wasu ƙananan faɗa-wuta ke tashi daga ciki su faɗo wajena. Na kai ƙara kwamitin kasuwa, a gaban jama'a, da murya. Sun ce in kawo shaida cikin wata guda, su mayar da shi bayan mayanka, inda ko kare ba ya tsayawa ciniki.

Ga guda nan a ambulan, direba zai ba ka. Ka rubuto takarda mai hatimi cewa shi ke cin kayana. Layi biyu sun isa.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙo ya iso. Abin da na samu a ambulan gari ne da rabin fiffike. Da alama da takalmi kika kama shi.

Daga rabin, bai wuce farcen ɗan yatsa ba, ruwan ƙasa ne mai layi biyu masu haske. Ya yi kama da masu naɗe ganye na daji, amma irinsu suna da yawa ƙwarai. Kuma mai fiffike ba ya cin tufa. Ƙwai yake sakawa, ƙwan ya zama tsutsa, ita ce mai ci.

Ki duba rassan itacen tsohon da suka zo da ganye. Inda ganye ya naɗe kamar sigari, akwai tsutsa a ciki. Ki sa wasu a kwalba da ganyen, wasu a wata kwalbar da ƙyallen bargonki kaɗai. Ki huda murfi, ki jira.

Ba zan sa hatimi a kan abin da ban gani ba. Ki yi haƙuri.

Ƙaninki

*

Dakta,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Ni da na goya ka, yau ni kake ba aikin gida.

Na yi. Tsutsa uku na samu, koraye, sirara kamar zare. Wadda na ba bargo ta zagaya kwalba kwana huɗu, ko shinshina shi ba ta yi ba, ta mutu. Bargon ulu ne fa mai kyau, ba ta san kaya ba ne.

Sauran biyun sun cinye ganyensu a kwana ɗaya. Na ba su latas, na ba su ganyen mangwaro, suka ɗaga kai kamar matan manya. Tasu bishiyar kawai suke so. Kuma wa ya san bishiyar duk kasuwar nan? Mutumin da na kai ƙara. Na haɗiye yawu na tambaye shi. Yanzu kullum da safe sai ya miƙo ɗanyen ganye ta kan katanga ya ce, “Hajjaju, ya baƙinmu suka tashi?” Telan da ke gabanmu har ya daina ɗinki don kallo.

Jiya duka biyun suka daina ci, suka ɗinke kansu cikin ganye. Ka san ni, ba na karɓar kaya a ƙulle. Na sa allura na buɗe ɗaya. Ba tsutsa, ba fiffike, sai wani abu ja-ja kamar ƙwallon dabino ƙarami. Na latsa, ya fashe. Wannan wane irin wulaƙanci ne? Saura sati biyu kwamiti ya zauna.

Yayarka da ka mayar makiyayiyar tsutsa

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Abin da kika fasa shi ne matakin da tsutsa ke narkewa ta zama mai fiffike. Yana da rai. Don Allah ki ɗaure hannunki a kan ɗayan. Kwana goma zuwa sha huɗu zai fito, ki ɗauki hotonsa kafin ki nemo takalmi.

Kafin nan, ki zazzage dilar da ba ki buɗe ba tukuna. Ki duba cikin ninki da bakin ɗinki. In kin ga ƙananan kwasfa na saƙa kamar ƙwayar shinkafa, launin bargon da suke kai, wannan asu ne. Ba daga daji yake zuwa ba. A cikin gwanjo yake tafiya, tun daga inda aka ɗaure dilar.

Ki gaishe min da tsohon.

Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake.

Ya fito yau da hantsi, fiffike a jiƙe, layi biyu masu haske, ga hoto nan. Na ɗora shi a kan rigar sanyi sabuwa, ya taka ta kamar titi ya wuce. Tsohon ya roƙa in ba shi kwalbar, wai zai mayar da shi daji ya sami mata. Na ba shi.

Dilar kuma na zazzage, ƙofa a rufe. Kwasfar nan sun cika tafin hannuna. Dilar da ko rana ɗaya ba ta kwana kusa da itace ba.

Gobe kwamiti zai zauna, kasuwa duka za ta zo, shi kuma har ya fara ɗaure kayansa don bai san abin da na gani ba. Ba zan bari a tashe shi ba, kar ka rubuto min wa'azi. Abu ɗaya nake so daga shekara bakwai ɗin nan taka. Ku da kuke da dogon suna ga kowane ƙwaro, ba ku da wata doguwar kalma ta “ni ce na yi kuskure” wadda ba wanda zai gane ta a kasuwa?

Yayarka