Hular Tagullar da Ta Kori Mahaifina

Malam mai wannan fili,

Ka taimake ni, don na gaji da mutanen da ke cewa in haƙura. Tun gemuna yana baƙi nake yawo da maganar nan, yanzu ko haƙori babu. Ban yi makaranta ba, mai shayin unguwarmu ke rubuta mini, na kuma ce masa kar ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Ina yaro aka harbe Torgul, maƙwabcinmu a Tirah, ƙasarmu ta cikin duwatsu, a bakin gonarsa. Kusa da gawar aka tsinci 'yar hular tagulla, irin wadda ake kifa wa bindigar ɗuri, kunama ta sare ta wuta ta kama albarushi. Tana da tambarin tauraro a ka. Duk ƙauyen mahaifina Zarghun Shah kaɗai ke da gwangwanin masu tauraro, daga Peshawar ya sayo. Dattawa suka yi zaman shari'a da muke kira jirga, suka juya hular a tafin hannu, shi ke nan. Aka ƙone gidanmu, aka kore mu. A Kohat ya mutu, cikin baƙi. Hular a ƙulle cikin tsumma aka jefo wa mahaifiyata, wai ga shaidarku.

To ni na duba cikinta, akwai jan abu a manne. Kan ashana ne! Talakawan maharba ke tsintar wadda aka riga aka harba, su miƙe ta, su kankare kan ashana su cusa. Mahaifina mai girman kai ne, in ya harba yarwa yake yi, bai taɓa sake cika ko ɗaya ba. Na kai wa maƙeran bindiga na garin Darra ita, wani ya ce Baba, je ka yi da ita a kunne. 'Ya'yana suna cewa tsufa ne.

Tsufa ne ke sa in ji warin albarushi duk la'asar? Nakan ga mahaifina tsaye a bakin ƙofa da bargonsa a kafaɗa, ba ya shiga, duwatsu kawai yake kallo. Ni ma kabari na kirana, kuma mutanen Tirah sun ce zuriyar mai kisa ba za ta kwanta a ƙasarsu ba. Akwai mai iya gane wannan hula ko babu? Wani ya ba ni amsa kafin in bi mahaifina!

Ɗan Korarre, Kohat

Baba,

Ga amsa. Akwai masu ganewa. Tsofaffin masu tara makaman gargajiya sukan duba tambari, da kaurin tagulla, da ko gefen sumul ne ko mai zara-zara, su faɗi inda aka ƙera ta da kusan zamaninta. Wanda ya san aikin zai iya gane ko an taɓa miƙe ta an sake cika ta. Don haka kada ka kankare ta, kada ka wanke ta. Jan abin nan shi ne dukan hujjarka.

Amma ka ji ɗaya ɓangaren. Hula ba ta faɗin yatsan da ya ja kunama, kuma iyalan Torgul su ma da maraici suka girma. In ka je neman sunan mai kisa, jikokinka za su gaji sabon jini. Abin da take iya nunawa shi ne kowa zai iya tsintarta a ƙasa, wato dattawa sun yanke hukunci a kan abin da bai kai shaida ba. Wannan ya isa.

Ka samu masana biyu su duba a gaban limami, sannan ka aiki dattijon da ɓangarorin biyu ke jin kunyarsa wurin magadan Torgul. Kada ka nemi gona, kada ka nemi a ba ka haƙuri. Ka roƙi wurin kwanciya kawai, da izinin a ambaci sunan Zarghun Shah a masallacin ƙauyensa. In sun yarda, ka bar musu hular, ɗaukar da ka yi mata ta isa haka.

Allah Ya jiƙan mahaifinka da Torgul, Ya sa la'asar ta same ka ƙofarka babu kowa.