Shagona Yana Kan Dutse, Naku Yana Cikin Akwati

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Kasuwar Intanet,
Mai hedikwata a cikin akwatin gidan waya,
A wani tsibiri da ke tsakiyar teku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan iskar teku tana kaɗa ka yadda ya kamata, in har kana tsibirin, domin har yau ban ji wanda ya taɓa ganin inuwarka a can ba. Sunana Ayuba, ɗan wani ƙauye da ke kan hanyar Mahuta in ka fito daga Zuru, mai digirin farko a ilimin tattalin arziki. Ni ne wanda kamfaninka ya rufe wa shago bisa tuhumar ba da adireshin bogi. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda duk ƙorafin da na aika ta manhajarku, wata na'ura ce ke amsawa, tana gode mini a kan haƙurin da ban taɓa cewa ina da shi ba.

Ga muƙaddima. Mahaifiyata da ƙawayenta na zumuntar mata suna yin daddawa da man kaɗe waɗanda ko maƙiyi ya shinshina sai ya yaba. Dillalai kan kwashe su a kasuwa kamar sun tsinta. Da na gama bautar ƙasa na dawo, sai na ci karo da tallarku, inda kuke alkawarin ɗora ƙauye a kan kasuwar duniya. Na tara matan nan a ƙarƙashin mangwaro na yi musu lacca a kan rushewar shingen da ke tsakanin mai sarrafawa da mai saye. Ba su gane rabin abin da na faɗa ba, amma sun yarda da ni, wanda hakan ya fi nauyi. Mahaifina kuwa, Baba Sajan, tsohon soja ne da ya yi imani cewa duk ɗan Zurun da bai sa kaki ba bai gama zama mutum ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wagga kasuwa taka da babu rumfa babu ƙudaje, na ba ka zuwa girbi. In ban ga kaya sun tahi ba, sai bariki."

Yanzu ga hujjojina.

Na ɗaya. Ƙa'idarku ta ce tilas mai shago ya tantance kansa ta bidiyo kai tsaye, yana tsaye a wurin sana'arsa, da hajarsa a gabansa. Hikima ce babba, ga wanda ke zaune inda wayoyin intanet masu kauri suke ratso ƙarƙashin teku su zo su durƙusa masa a ƙofar gida. Mu kuwa ƙauyenmu yana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye shi. A tsakar gidanmu, ko gaisuwar mutuwa za ka aika, sai ta kwana biyu a hanya. Wuri ɗaya tak sabis yake sauka da mutuncinsa: ƙololuwar dutsen da ke bayan gari. Can masu neman aure ke hawa, can matan sojoji ke jiran kiran mazajensu, can ma Jauro, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da mu, yake tambayar farashin shanu.

Na biyu. Da yake ni mai bin doka ne, na ga tunda sabis ba zai sauko ga shago ba, shago ya hau ga sabis. Ranka ya daɗe, da ka ga wannan rana. Mata goma sha ɗaya cikin zannuwan zumunta iri ɗaya, kowace da ƙwarya a ka, suna hawan dutse suna waƙar yabo, ni ina gaba da kwat da allon shago a kafaɗa. Mama Rifkatu, wadda ta fi su shekaru, ta tsaya a tsakiya tana haki ta ce, "Ɗan boko, masu sayen nan a sama suke zaune ne? In mala'iku ne ka faɗa mana mu rage musu kuɗi." Muka shimfiɗa tabarma, muka jera kaya, rana tana narkar da man kaɗe. Na'urarku ta umarce ni in juya hagu, in juya dama, in ƙifta ido, in buɗe baki. Na yi duka a gaban iyayena mata, waɗanda suka yi ta dariya har da hawaye. Daga nan aka taya ni murna an amince da ni. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, manhajar ta ɗauki daidai inda ƙafata take a taswira ta rubuta shi a matsayin adireshin shago, ta kuma kulle gurbin yadda ba ya gyaruwa.

Na uku. Odar farko ta shigo daga wata 'yar Zuru da ke aure a Legas, wadda kewar miyar gida ta dama. An yi guɗa a gidanmu. Sai mai ɗaukar kayanku ya bi taswira da babur har gindin dutse, ya ga hanya ta ƙare, ya juya. Bai tambayi kowa ba, alhali a ƙasarmu adireshi a bakin mutane yake. Da ya ce wa kowace tsohuwa "gidan Sajan mai ɗingishi", da an raka shi har ƙofa an ba shi ruwa. Bayan haka kuka turo jami'in bincike, wanda, a yaba masa, ya hau har sama. Ya tarar da awakin Jauro guda bakwai da Jauron kansa yana waya. Ya ɗauki hotonsu. Washegari aka sanar da ni cewa bincike ya tabbatar babu wata sana'a a adireshin da na bayar, don haka an rufe ni saboda yaudara.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama. Kalmar yaudara ta sa na yi abin da na tabbata ko lauyoyinku ba su yi ba: na karanta sharuɗɗanku tun daga farko har ƙarshe, a kan dutsen nan, cikin rana. A layin ƙarshe, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar acca, na ga inda kamfaninku yake da zama. Na neme shi a taswira. Wani ɗan bene ne da bai kai sakatariyar ƙaramar hukuma ba, amma kamfanoni ba adadi duk sun ce a cikinsa suke kwana suke tashi. Ko dai mazauna ginin nan aljanu ne, ko kuwa allunan suna ne kawai a bango. Kundin digirina a kan haraji na rubuta shi, don haka na san sunan wannan al'amari a ilmance. Rumbunan kayanku suna Najeriya, masu baburanku suna fasa tayoyi a hanyoyin Najeriya, masu saye da masu sayarwa 'yan Najeriya, amma riba, da yake ita 'yar gata ce mai saurin kamuwa da zazzaɓin haraji, sai a kai ta tsibiri shan iska.

Na karanta yadda tsibirin yake alfahari da saurin intanet ɗinsa da zamansa cibiyar cinikin zamani. Madalla. Sai dai ina tambaya bisa mantiƙi: me ake nomawa a can da ake sayarwa? Mu masu daddawa ba mu da sabis, masu sabis ba su da daddawa. Wani ɓangare na harajin da ya tsallake teku, da ya tsaya, wataƙila da ya zama ƙarfen sabis a kwarinmu, da Mama Rifkatu ba ta hau dutse da gwiwoyinta ba.

Natija ita ce: ni da kai sana'armu ɗaya. Kowannenmu ya rubuta adireshi a inda ya fi masa sauƙi, ba inda aikinsa yake ba. Bambancin kawai, ni tilas ta kai ni nawa, kai dabara ta kai ka naka. Nawa ana kiransa yaudara, naka ana kiransa tsarin kasuwanci. Hausawa sun ce laifi tudu ne, amma ban taɓa ganin wanda ya taka nasa daga tsakiyar teku ya hango na wani a bayan Zuru ba sai kai. Kuma jami'inku aƙalla ya samu awaki bakwai a hedikwatata. Ina ƙalubalantarka ka tura shi taku, mu ga ko zai samu mai rai ko ɗaya da zai ɗauka hoto.

Buƙatuna ba su da yawa. A buɗe mini shagona. A buɗe gurbin adireshi in rubuta na gaskiya: gidan Sajan mai ɗingishi, bayan coci, daura da rijiya. A goge kalmar yaudara daga sunana, domin an karanta wa matan zumunta ita, kuma mahaifiyata ta daina zama a layin gaba ranar Lahadi. Sannan a koya wa masu baburanku fasahar nan ta gargajiya da ake kira tambaya.

Ina roƙon a gaggauta, ga dalili. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu. Fom ɗin shiga soja ya fito, kuma shi ma yanzu ta intanet ake cike shi. Don haka yau da safe Baba Sajan, mutumin da ya rantse ba zai taɓa hawa dutse don ya yi magana da iska ba, ya ɗauki sandarsa da takarduna a cikin leda, ya biyo ni da ƙafarsa mai ciwo har ƙololuwa. Yanzu haka yana zaune kusa da ni a kan tabarmar da muka baje kaya. Mun cike fom ɗin tsaf, saura danna aikawa. Na roƙe shi ya bar ni zuwa Juma'a, ranar da za a rufe karɓa. Ya dubi awakin Jauro ya ce, "To, Manaja. Amma ka gaya wa mutumin ruwan nan, bariki dai kowa ya san inda take."

Na gaya maka, ranka ya daɗe.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya kiyaye akwatinka daga tsatsa da ambaliya, Ya kuma nufe ka da sanin adireshinka na gaskiya tun kafin ranar da za a tambayi kowa nasa, ranar da babu tsibirin gudu.

Wassalam.

Naka mai biyayya har zuwa Juma'a,
Ayuba ɗan Sajan,
Daga kan dutse, bayan Zuru.